Ɗaki Guda da Taga Guda: Yadda Ake Ɗaukar Hoton Fuska a Gida

  Yau a kan hoto za mu tattauna, hoton fuska. Wato hoton da ake ɗaukar mutum daga ƙirji zuwa sama, kai da kafaɗu, domin amfanin aiki.

Wa ke buƙatar irin wannan hoto? Suna da yawa. Matashin da ke haɗa takardun neman aiki. Lauyar da za a sa hotonta a shafin ofishinsu na intanet. Marubuciyar da littafinta zai fito. Ɗan takarar kansila da zai buga fosta. Ɗan wasan da ke neman shiga fim. Duk wanda ya buɗe shafi a LinkedIn, dandalin nan na ma'aikata da masu neman aiki. Kowannensu, hotonsa ne ke riga shi isa wurin. Kafin a ji muryarsa, an ga fuskarsa.

Kada mu haɗa shi da hoton fasfo. Hoton fasfo yana da doka, kuma masu karɓarsa ne suka kafa ta. Misali, hoton bizar Amurka inci 2 ne tsawo, inci 2 faɗi, da farin bango, kada ya wuce wata 6 da ɗauka, kuma tun 2016 ba a yarda a sa tabarau ba. A nan babu gwaninta, bin ƙa'ida ne kawai. Hoton fuska na aiki kuwa, a nan ne mai hoto ke nuna ya iya.

Abin da nake so ka riƙe a yau guda ɗaya ne. Haske ne ke yin hoto. Zan maimaita: haske ne ke yin hoto. In ka gane haske, ɗaki guda da taga guda sun ishe ka fara sana'a.

To, mu shiga kashi na farko: wurin aiki.

Bari mu leƙa Bamako, babban birnin ƙasar Mali. An yi wani mai hoto a can, sunansa Seydou Keïta. Kafinta ne tun farko, sana'ar mahaifinsa. A 1935 kawunsa ya dawo daga Senegal da tsarabar wata 'yar kyamara ƙirar Kodak, ya ba shi. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a unguwar Bamako-Kura. A tsakar gida yake ɗaukar mutane. Hasken rana ne fitilarsa. Labulen da ya fara ratayawa a bayan waɗanda yake ɗauka kuwa, abin shimfiɗar gadonsa ne. Yawanci sau ɗaya yake danna kyamara ga kowane hoto. Mutanen gari suka yi ta layi a ƙofarsa. Ya rasu a 2001, kuma a 2016 aka baje hotunansa a babban zauren nan na Grand Palais da ke birnin Paris. Tsakar gida, hasken rana, abin shimfiɗar gado. Da su ya yi aikin da duniya ke kallo har yau.

Kai kuma me kake buƙata? Ɗaki mai kamar mita 3 da mita 4 ya wadatar. Ka fitar da tarkace. Ka dubi fentin bango da kyau, domin bango yana mayar da launinsa kan fuska. In bangon kore ne, kumatun wanda ake ɗauka za su yi kore-kore. In shuɗi ne, haka. Saboda haka ka rufe shi da farin yadi ko mai ruwan toka. Yadin da za ka rataya a baya ya zama marar zane, kuma a goge shi. Yamutsattsen labule yana fitowa a hoto, kuma yana zubar da darajar aikin gaba ɗaya. Kujera kuma, ka samo marar majingina, don mutum ya zauna a miƙe.

Ga wata magana da ta shafe mu. Sana'a a gida tana nufin baƙi za su riƙa zuwa. Kada ka ratsa da baƙo ta tsakiyar iyali. Zaure ya fi, ko shagon ƙofar gida, ko ɗakin da ke da ƙofar waje. In zauren babu taga, buɗaɗɗiyar ƙofarsa ita ce tagarka. Ke kuma 'yar'uwa da ke saurare daga cikin gida, wannan sana'a taki ce. Mata da yawa sun fi sakewa gaban mace, kuma sakewar nan tana bayyana a hoto.

Yanzu kashi na biyu, kuma a nan za mu daɗe: haske.

Ka taɓa ɗaukar mutum da tsakar rana a fili? Ka tuna yadda hoton ya fito. Idanu sun shige duhu. Inuwar hanci ta sauko kan leɓe. Goshi yana walƙiya. Mutum ya tsuke fuska. Wannan shi ne haske mai kaifi. Yanzu ka tuna ranar da hadari ya rufe sama. Fuska ta yi sumul, inuwa ta yi laushi. Me ya bambanta su? Girman inda hasken ya fito. Rana daga nesa take, ta zama ƙarama a idonmu, sai inuwarta ta yi kaifi. Girgije kuwa ya baza hasken, sama duka ta zama fitila. Ƙa'idar ke nan: in mafitar haske tana da faɗi kuma tana kusa, hasken zai yi laushi. In ƙarama ce ko tana nesa, zai yi kaifi. Faɗi da kusanci, su ke kawo laushi.

Taga babbar mafitar haske ce, kuma kyauta. Ka zaɓi lokacin da rana ba ta shigowa ta cikinta kai tsaye. In tana shigowa, ka rataya farin labule mai shara-shara, ya tace ta.

Sannan ka kashe ƙwan ɗaki. Na san za ka ce, ai ƙarin haske ne. A'a, ka kashe shi. Dalili biyu ne. Na farko, daga sama yake, zai maido maka da matsalar tsakar rana. Na biyu, launinsa daban ne. Haske yana da launi, kuma ana auna shi da wani ma'auni mai suna Kelbin. Hasken rana yana kusan 5500, fari ne. Ƙwan nan mai ja-ja yana kusan 2700. In ka haɗa su, rabin fuska zai yi ja, rabi ya yi shuɗi-shuɗi, kuma gyaransa a kwamfuta wahala ce. Haske iri ɗaya a ɗaki ɗaya.

Ina za ka zaunar da mutum? Kada ya ba taga baya, fuskarsa za ta yi duhu. Ka ajiye shi kamar taku ɗaya ko biyu daga taga, tagar tana gabansa amma ta gefe. Sai ka ce ya juya fuska a hankali, kana kallo. Za ka ga gefe ɗaya ya haskaka, ɗayan ya shiga inuwa. Ka ci gaba da kallo har ka ga wani ɗan haske mai kusurwa uku ya bayyana a kumatun da ke cikin inuwa, a ƙarƙashin ido. Masu hoto suna kiran wannan hasken Rembrandt, sunan wani mai zane ɗan ƙasar Holan da ya rayu daga 1606 zuwa 1669, wanda ya yi suna da haskaka fuska haka. Yana ba fuska kwarjini. Ya dace da dattijo, da malami, da marubuci. In kuma fuska mai fara'a ake so, irin ta ma'aikaciyar banki ko malamar asibiti, sai a ƙara juya fuskar wajen taga, inuwa ta ragu.

To in inuwar ta yi yawa fa? Ba sai ka sayi fitila ta biyu ba. Ka samo babban farin kwali, ka ajiye a gefen da ke da inuwa. Hasken taga zai bugi kwalin, ya dawo kan fuska. Matso da shi, inuwa ta ragu. Ja shi baya, inuwa ta ƙaru. In kana son ya fi ƙarfi, ka lulluɓe kwalin da takardar alminiyon nan da ake naɗe abinci. Wani lokaci kuma ka ba wanda ake ɗauka ya riƙe shi a cinya, daidai inda ba zai fito a hoto ba, ya haskaka ƙarƙashin haɓa da ido.

Akwai maganar nisa. Ka tuna jin ɗumi lokacin hunturu. Wanda ke bakin wuta zufa yake yi, wanda ya ja baya taku uku kuwa sanyi yake ji. Haka haske yake, da sauri yake raguwa. In ka ninka nisan mutum daga fitila sau biyu, hasken da ke isa gare shi ba rabi zai koma ba. Kashi ɗaya cikin huɗu zai koma. Ga amfanin sanin haka. In kana son bayan hoto ya yi duhu, ka matso da mutum kusa da haske, ka nisanta shi da bango. In kana son bayan ya yi haske, ka rage wannan tazara. Amma ko yaya, ka bar aƙalla mita 1 tsakaninsa da labule, don kada inuwarsa ta kwanta a kai.

Kafin ka danna, ka dubi ƙwayar ido. Akwai ɗan ɗigon haske a ciki? Hoton tagar ne a idonsa. In yana nan, ido yana da rai. In babu, ka sa ya ɗan ɗaga kai ko ya ƙara juyowa. Kada ka ɗauka sai ka ga ɗigon nan.

In ciniki ya kankama, kana son yin aiki da dare, sai ka sayi fitila ɗaya. Ɗaya. Ka haɗa ta da farar lema irin ta masu hoto, ko akwatin nan mai farin yadi a baki, duk aikinsu shi ne su faɗaɗa haske ya zama kamar taga. Ka ɗaga ta sama da ido kaɗan, ta gefe. Ka zaɓi mai caji, kowa ya san halin wutar lantarkinmu. Filashar da ke manne a kan kyamara kuwa, ka bar ta a kashe, domin tana daɓe fuska, tana jefa inuwa a bango. Fitilar nan mai kamar zobe da masu bidiyon waya ke so, a ganina ba ta dace da wannan aiki ba. Tana zana da'ira a cikin ido, tana walƙiya a tabarau.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan ɗaukar hoton fuska a gida. Mun ce haske ne ke yin hoto. Yanzu kashi na uku, wanda ya fi taɓa zuciyata: launin fatarmu.

A shekarun 1950, kamfanin Kodak ya fara aika wa masu wankin hoto wani kati na gwaji, ana ce masa katin Shirley. Hoton wata Baturiya ne a jiki. Da fatarta ake daidaita injin wanki. Saboda haka shekara da shekaru, fim yana fitar da farar fata da kyau, baƙar fata kuma ta dusashe, sai ido da haƙora. Cikin waɗanda suka kai ƙorafi a shekarun 1970 har da masu sayar da cakulan da kayan katako, don fim ya kasa bambanta launukan kayansu masu duhu. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban.

Kyamarorin yau sun gyaru ƙwarai. Amma har yanzu akwai tarko, kuma mu ne muka fi faɗawa. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta, ta nemi matsakaici. To ga Alhaji ya zo da farar shadda, da farar hula, ya zauna gaban farin bango. Kyamara ta ga fari ya yi yawa, sai ta rage haske. Shadda ta fito tas, fuska ta nutse. Maganinsa: ka auna haske a kan fuska. In waya ce, ka taɓa fuskar a kan allo, sannan ka ja alamar ranar nan sama kaɗan. In babbar kyamara ce, akwai maɓalli mai alamar ƙari da ragi, ka ƙara. Amma ka lura, kada ka ƙara har aikin wuyan riga ya ɓace cikin fari. Abin da ya fi sauƙi, tun kafin mutum ya zo ka ba shi shawara ya sa kaya mai ruwan toka, ko shuɗi, ko ruwan ƙasa, marar zane mai yawa.

Baƙar fata da sheƙi take nuna kyanta. Haske mai faɗi yana shimfiɗa sheƙin a goshi da kumatu, fuska ta fito da siffarta. Ƙaramar fitila kuwa tabo ɗaya take yi mai ƙuna a tsakiyar goshi. Lokacin zafi, ka ajiye tishu, a ɗan danna goshi da hanci a ɗauke zufa. Lokacin hunturu, fata tana yin furu-furu, leɓe yana tsagewa. Ɗan man kaɗanya kaɗan ya isa.

Sai gyaran hoto a kwamfuta ko a waya. Ga ƙa'idar da nake roƙon ka bi. Abin da zai tafi da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, ka goge shi: ƙurji, jan ido, zare a kafaɗa. Abin da yake na mutum ne, ka bar masa: tsagar gado, wushirya, tabon sallah a goshi, furfura. Kuma kada ka mayar da baƙi fari. Wani zai roƙe ka, ya ce a ɗan haska shi. Ka yi masa bayani da ladabi. Wannan hoto na aiki ne. Ranar da ya shiga ofis don ganawa, dole wanda ya ga hoton ya gane shi. In aka ga wani mutum daban, an fara da rashin yarda. Allah ya yi mu da launi mai kyau. Aikinka ka haskaka shi yadda ya dace, ya fito yadda yake.

Kashi na huɗu gajere ne: kyamara.

Kada ka matsa kusa da fuska. Duk abin da ya fi kusa da kyamara, shi ke yin girma, kuma a fuska hanci ne ya fi kusa. Shi ya sa hoton da mutum ke ɗaukar kansa da hannu yake kumbura hanci, kunnuwa su ɓuya. Ka tsaya mita 1 da rabi zuwa mita 2. In waya ce, ka danna inda aka rubuta 2 ko 3, ta jawo maka shi. In babbar kyamara ce, gilashi mai lamba 85 shi masu wannan aiki suka fi so, mai lamba 50 ma yana yi. Ƙofar da haske ke shiga cikin gilashin, ka sa ta a kan 4 ko 5.6, don ido da hanci duk su fito sarai. Saurin ɗauka kada ya gaza kashi 1 cikin 125 na daƙiƙa, don kada motsi ya ɓata hoton. Kyamara ta tsaya daidai tsayin idon mutum. Ka saita ta a kan idon da ya fi kusa da kai. Kuma ka goge gilashin da tsumma mai laushi, musamman lokacin ƙura.

Mun zo kashi na ƙarshe: mutumin da ke kan kujera.

A watan Disamba na 1941, a birnin Ottawa na ƙasar Kanada, wani mai hoto mai suna Yousuf Karsh ya samu 'yan mintuna don ɗaukar firaministan Birtaniya, Winston Churchill. Churchill ya ƙi ajiye sigarin da ke bakinsa. Karsh ya matsa, ya nemi afuwa, ya zare sigarin, ya danna kyamara. Fuskar nan a murtuke ita ce ta zama hotonsa mafi shahara, kuma ita ce a jikin takardar fam 5 ta Ingila da aka fitar a 2016. Ba cewa nake ka fusata baƙonka ba. Abin lura shi ne, yanayin fuska ba ya zuwa da kansa. Abin da ya gudana tsakaninka da mutum kafin ka danna, shi ke fitowa.

Mu hanyarmu ita ce gaisuwa. Mutum ya shigo daga rana, kada ka nuna masa kujera nan take. Ku gaisa. Ka ba shi ruwa. Ya sha iska na minti biyar. Ka tambaye shi ina za a kai hoton, domin hoton ɗan takara daban, na likita daban.

In ya zauna, ya ɗan karkata jiki gefe, fuska tana kallon ka. Kafaɗu su sauka. Ka ce masa, "Malam, ɗan turo goshi gaba, sai ka sauke haɓa kaɗan." Zai ji abin baƙo, amma yana fitar da layin muƙamuƙi, ya raba fuska da wuya.

Da yawa cikinmu an tarbiyyantar da mu kada mu zuba wa mutum ido. Kunya ce, kuma abu ne mai kyau. Amma a wannan hoto ana son ido ya kalli kyamara. Ga dabara. Ka ce, "Hajiya, ki kalli ƙasa. In na ƙirga uku sai ki ɗago." Da ta ɗago, ka danna. A wannan lokacin ido bai gaji ba, fuska ba ta ƙage ba. Kada ka ba da umarnin murmushi. Ka ja mutum da hira, ka tambaye shi 'ya'yansa ko garinsu, murmushin zai zo.

Kada ka kai hannu jikin kowa. Ka rataya madubi, ka faɗa da baki: hula ta karkata, wuyan riga ya lanƙwashe, mayafi ya rufe gira. In kai namiji ne kuma mace za ka ɗauka, ta zo da 'yar rakiya, ƙofa kuma ta zauna a buɗe. Ka lura kada launin hijabi ya zama ɗaya da na labule, kai zai narke cikin bango. Kada ka yanke saman hula ko ɗaurin ɗankwali, ado ne, kuma mai shi ya ɓata lokaci a kai. Mai tabarau kuma, in haske yana walƙiya a gilashinsa, ka ɗaga fitila sama ko ya ɗan sunkuyar da tabaran.

Ku yi ciniki tun kafin a fara: nawa ne, hoto nawa za a gyara, yaushe za a karɓa. In za ka tura ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, domin in ka tura ta hanyar da aka saba, manhajar tana matse hoton, ingancinsa ya ragu. Sannan amana. Fuskar mutum tasa ce. Kada ka sa hoton kowa a shafinka don talla sai ya yarda, musamman mata. A Najeriya ma akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Hoto ɗaya da ya fita ba da izini ba yana iya rufe maka ƙofar unguwa gaba ɗaya.

Mai sauraro, ga aikin da na ba ka a wannan mako. Kada ka sayi komai. Ka kira ƙanenka ko ƙanwarka, ka zaunar da shi kusa da taga, ka kashe ƙwan ɗaki. Ka ɗauka da safe, ka ɗauka da la'asar. Ka ɗauka da farin kwali, ka ɗauka babu shi. Sannan ka jera hotunan, ka dubi inda inuwa ta faɗa a kowanne, ka nemi ɗigon hasken nan a cikin ido. Ka fara yau.